Wasiƙa: 'Yan'uwa Kiristocin Katsina, ina muka kai taron addu'ar Laraba?

Malam Edita,

Gaisuwa da fatan alheri, ya aiki ya jama'a. Dan Allah ina roƙon ɗan fili a jaridar nan taku in yi magana da 'yan'uwana Kiristoci, musamman mu Hausawa masu bin Almasihu na nan jihar Katsina. Na san yawancin masu karanta ku Musulmi ne, to ba laifi ai maƙwabta ne, tare muke cin kasuwa tare muke zaman makoki, kuma wani abun da zan faɗa ma su ne suka fi jin shi a kunnensu cikin dare. Maganar addu'a ce. Ba wai mun daina ba, a'a, in dai yawa ne ban taɓa ganin zamanin da ake addu'a kamar yanzu ba, kwanan addu'a duk ƙarshen wata, azumin kwana kaza a Janairu, fosta a kowane bango, ga ta WhatsApp da ake turo maka tun asuba wai ka tura ma mutum goma in kana son buɗi. Abin da ke damuna shine addu'ar tare ce ta suɓuce mana, irin wadda mutane za su zauna su san damuwar juna sannan su kai ta gaban Allah da baki ɗaya.

Duk mai shakka ya leƙa majami'arsu ran Laraba da yamma. Ran Lahadi sai an ƙaro kujerun roba har waje, mata sun sha anko, 'yan kwaya sun cika layinsu, amma ran taron addu'a na tsakiyar mako sai ka ƙirga mutanen da yatsun hannu, tsofaffin mata 'yan kaɗan da iyalin fasto da mai share ɗakin sujada, wani lokacin ko dattawan da aka zaɓa da ƙuri'a ba ka ganin ƙeyarsu. In ka tambaya sai a ce aiki, shago, makarantar yara, babu kuɗin Keke Napep. Na yarda rayuwa ta yi tsada, ba musu. Amma bari a ce an gayyato baƙon mai wa'azi daga wani gari, an ɗauko hayar manyan lasifiku da kibod an sa hotonshi a fosta, mutanen nan dai da ba su da kuɗin mota sai ka gan su tun kafin a kunna janareta, har da masu kujera daga gida. To kenan ba kuɗin mota bane matsalar.

Kuma in an taru ɗin me ake yi? Mutum ɗaya ne riƙe da makirfo yana ba da umurni, ku buɗe baki ku yi addu'a a kan kaza, sai kowa ya ɓarke da ihu na minti biyu, wani na buga bango wani na zagaye, sai a tafa hannu a yi tsit a koma kan na gaba. Ka fito ka jiƙe da zufa murya ta dishe amma na kusa da kai baka san matarshi na kwance asibiti ba, shi ma bai san an kore ka daga aiki ba. Kowa tashi ya yi shi kaɗai, ɗaki ne kawai ya haɗa ku. Manzo Bulus ya yi maganar irin wannan a 1 Korintiyawa sura 14, yace in kana godiya ta yadda na gefenka bai gane ba, ta yaya zai ce amin ga abin da bai san me kake faɗa ba, har yace shi a cikin taro gara ya faɗi kalma 5 da hankalinshi dan wasu su ƙaru da ya zubo kalma 10,000 da wani harshe, kuma Bulus ɗin nan da kanshi yace ya fi su duka magana da harsuna, ba wai baya da baiwar bane yake hassada. Ko masu harsunan ma cewa yayi biyu ko uku, ɗaya bayan ɗaya, da mai fassara. Mu nan Katsina har da wani ƙarin, turanci. Majami'ar Hausa ce, an yi waƙa da Hausa an yi sanarwa da Hausa, amma da an zo addu'a sai matashi ya juya harshe ya koma turancin da ya kwaso a talabijin, ga kakarshi zaune da ta gudo daga ƙauye tana ta ƙifta ido, sai ta ji an yi shiru tace amin. Haba jama'a. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da su Dakta Mila na Zariya suka sha wahalarshi, aka sake wata fassarar a 1979, yau ga shi har cikin wayarka. A 2023 da 'yan Katolika suka samu dayosis ɗinsu na Katsina, Bishop Gerald Mamman Musa aka naɗa masu, Bahaushe ɗan ƙasar Malumfashi. Wa yace maku Allah sai da turanci yake ji?

Almajiran Yesu sun taɓa roƙonshi ya koya masu addu'a kamar yadda Yohanna Mai Baftisma ya koya ma nashi almajiran, yana nan Luka 11, kuma abin da ya basu ko minti ɗaya baya kaiwa in ka karanta shi a natse. Ya fara da Allah tukuna, sunanshi, mulkinshi, nufinshi, sannan abincin yini, gafara tare da sharaɗin mu ma muna yafewa, sai tsari daga jaraba da Mugun, shikenan. A Matiyu 6 kafin ya kawo wannan addu'ar sai da ya ja kunne kan abu biyu, masu tsayawa a majami'u da kan hanya suna addu'a dan a gan su, da masu tara surutu suna zaton yawan maganarsu ne zai sa a ji su, yace Ubanku ya san abin da kuke bukata tun baku roƙa ba. Ku tuna Dutsen Karmel kuma, annabawan Ba'al su 450 tun safe suke ihu suna tsalle har rana ta take, har suna tsattsaga jikinsu da wuƙaƙe, Iliya na gefe yana masu ba'a wai ku ƙara murya ƙila barci yake. Da lokacin Iliya yayi addu'arshi aya biyu ce rak, 1 Sarakuna 18:36-37, wuta ta sauko. Hannatu kau a Shilo leɓunanta ne kawai ke motsi ba a jin murya, har Eli firist ya ɗauka ta sha ta bugu, ita ce ta haifi Sama'ila. Kar wani ya ce wai ni maƙiyin ɗaga murya ne, ni ɗan ECWA ne da ya tashi cikin ganga da shantu da guɗar mata, kuma Ibraniyawa 5:7 ta ce Yesu da kanshi ya yi roƙo da kuka mai ƙarfi da hawaye. Wanda ciwo ya ci mashi rai ba a ce mashi yi a hankali. Amma kukan da ke fitowa daga ciki daban, ihun da ake kunnawa da tafi a kashe da tafi daban.

Sai maganar lasifikar waje, a nan ne na ce maƙwabta sun fi mu sani. Ƙarfe biyun dare mutum goma sha ne a cikin ɗaki amma an ɗaura ƙaho a saman kwano ana jin su har unguwa ta uku, ga mai jego ga mai hawan jini ga ɗan makaranta mai jarabawa da safe. Na san amsar da za'a bani, ai su ma suna yi. To ni dai gidanmu nake sharewa yau, su ma suna da malamansu da za su faɗa masu. Wanda muke bi cewa yayi ka shiga ɗakinka ka rufe ƙofa, ban ga inda yace ka haɗa amfilifaya ba.

Abin da ya fi tsaya mani a rai shine abin da muke roƙa ɗin. Yanzu rabin addu'armu maƙiya ne, duk wanda ya tsare mani hanya ya mutu, wuta ta cinye shi, wuta wuta wuta, kuma in ka bi diddigi maƙiyin nan ba wani bane illa gwaggo ta ƙauye ko kishiyar uwa ko abokin aiki a ofis. Na ga gidajen da zumunci ya mutu murus saboda wani ya tsaya a kan bagade yace akwai wata tsohuwa a danginku da ta ɗaure maki aure, yarinya ta koma gida ta daina gaida kakarta ta daina cin tuwonta. A buɗe Ayyukan Manzanni sura 4 a gani. An kama Bitrus da Yohanna saboda gurgun da aka warkar a ƙofar Haikali, sun kwana a tsare, majalisar Yahudawa ta yi masu kashedi kar su ƙara magana da sunan Yesu, kuma majalisar nan ce fa ta ba da Ubangijinsu aka gicciye ba da daɗewa ba, ba wasa bane. Da aka sake su ina suka nufa? Wurin 'yan'uwansu, suka zayyana masu duk abin da aka ce, kowa ya ji da kunnenshi, sannan aka ɗaga murya tare. Suka fara da Allah mai yin sama da ƙasa da teku, suka jawo Zabura ta 2, suka ambaci Hirudus da Bilatus da sunansu ba ɓoye-ɓoye, to a nan ne in mu ne za mu ce a sauko da wuta. Su kau cewa suka yi Ubangiji ka dubi barazanarsu, ka ba bayinka ƙarfin hali su faɗi maganarka, ka miƙa hannunka ka warkar. Warkarwa suka roƙa a garin da ake neman kansu, kuma wurin ya girgiza. Istifanas ana jifanshi da duwatsu ya durƙusa yace kada a ɗora masu wannan zunubin, saurayin da ke tsaron rigunan masu jifan nan shine ya zama Bulus, da ace addu'ar irin tamu Istifanas yayi aka amsa da wa zai rubuta mana wasiƙar Romawa? Kuma ai an taɓa gwada addu'ar wutar a gaban Yesu, Yakubu da Yohanna ne a Luka 9 lokacin da wani ƙauyen Samariyawa ya ƙi karɓarsu, suka ce ko mu kira wuta ta cinye su, ya juya ya tsawata masu suka wuce wani ƙauyen.

Ba ina magana kamar wanda bai san halin da ake ciki ba. Mu da danginmu ke ƙasar Malumfashi da Ƙafur da Ƙanƙara da Faskari mun san me ake nufi da a ce an shigo gari da dare, mun san haɗa kuɗin fansa, mun san gonar da aka bari ciyawa ta cinye. Mutumin da aka ɗauke mashi ɗiya ba za ka hana shi fushi a gaban Allah ba, Zabura ma cike take da irin wannan, ta 13 tambaya take har yaushe ya Ubangiji, ta 88 kau har ta ƙare ba wani haske a cikinta, kuma an bar su a Littafin ba a goge ba. A kai ma Allah fushin, a roƙe shi ya yi shari'a ya tsai da mugunta, wannan daidai ne. Amma masifar nan bata tambayar addini. 'Yan makarantar Ƙanƙara sama da 300 da aka kwashe a Disambar 2020, da mutanen Unguwar Mantau da aka buɗe ma wuta a masallaci suna sallar asuba a Agustan 2025, a majami'u nawa aka tsaya aka ambace su da gaske kamar namu? Annabi Irmiya ya rubuta ma Yahudawan da aka kwashe zuwa Babila, sura 29 aya 7, yace ku nemi lafiyar birnin ku yi mashi addu'a dan cikin lafiyarshi kuke da lafiya, birnin waɗanda suka kwashe su bayi kenan fa, balle mu da Katsina garin kakanninmu ne ba baƙi muke ba. Bulus ya gaya ma Timoti a fara da roƙo da godiya saboda dukan mutane, da sarakuna da duk masu riƙe da mulki dan mu zauna lafiya, kuma masu mulkin zamaninshi Romawa ne masu bautar gumaka, ba ko ɗaya mai zuwa coci. Da can in dattijo ya tashi addu'ar Lahadi sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya, shugaban ƙasa, gwamna, Sarkin Katsina, Sarkin Daura, hakimi, dagaci har mai unguwa, sannan ruwan sama da amfanin gona da marasa lafiya da matafiya, muna yara muna gajiya da tsayuwa muna taka ƙafar juna. Yanzu in gwamnan ba na jam'iyyarmu bane ko sunanshi ba a son ji. Kuma addu'a bata hana tsaro, Nehemiya 4:9 cewa tayi suka yi addu'a ga Allah suka kuma sa masu gadi dare da rana, dan haka fasto da ya dage sai an yi kwanan addu'a a ƙauyen da ake shiga da dare wai dan a nuna bangaskiya, ni ban ga hikima a ciki ba, a yi ta da la'asar kowa ya koma gida da sauran haske.

Labarin da na fi so a wannan fannin yana Ayyukan Manzanni 12. Hirudus ya kashe Yakubu ɗan'uwan Yohanna da takobi, ya kama Bitrus ya sa sojoji 16 suna gadinshi bi da bi, ikilisiya kau ta dage da addu'a dominshi, ba a wani babban fili ba, a gidan wata mata Maryamu uwar Yohanna Markus. Mutum ɗaya suke roƙo a kanshi, sun san sunanshi sun san inda yake. Mala'ika ya fito da shi cikin dare yazo yana ƙwanƙwasa ƙofar zaure, yarinyar gidan Roda ta ji muryarshi, dan murna ta manta bata buɗe ba ta ruga ciki da gudu, masu addu'ar suka ce mata ke kin haukace. Kun ji fa, suna roƙo an amsa suna musu. Wannan yana kwantar mani da hankali dan ya nuna ba wasu gwanayen bangaskiya bane, mutane ne irinmu masu tsoro da shakka, abin da suke da shi kawai sun taru kuma sun san abin da ya tara su. Kuma Yakubun da aka kashe ai ba za'a ce ba'a yi mashi addu'a ba, ɗaya ya fita ɗaya bai fita ba a sura guda, dan haka masu cewa in ba'a amsa maka ba to bangaskiyarka ce ta gaza su yi hattara da bakinsu a gidan makoki. Bulus sau uku ya roƙa a cire mashi ƙayar da ke jikinshi aka ce alherina ya ishe ka.

Iyayenmu basu yi boko mai zurfi ba amma wannan sun riƙe shi. A ƙauye tun duhun asuba za'a buga ƙarfen nan da aka rataye a bishiya, kowa ya fito da mayafinshi kafin a tafi gona, waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi, mai bishara ya karanta 'yan ayoyi da fitilar ƙwai, sai a tambaya akwai mai damuwa? Wannan yace saniyarshi bata da lafiya, waccan tace ɗanta ya tafi cirani shiru ba labari, sai a ce wane kai ka ɗauki na wance, wance ke ki ɗauki na wane, a gajarce kowa na ji kowa na amin, kafin rana ta fito an watse. Lokacin da aikin Sabon Rai Don Kowa ya bazu a arewa a shekarun 1960 ma da ƙananan ƙungiyoyin addu'a na cikin gidaje ya tafi, kafin a fita wa'azi. Haka tsofaffin da suka yi jinya a Babbar Ruga zamanin da 'yan mishan na SIM ke kula da kutare a can, wasunsu ba yatsun buɗe Littafin amma ayoyin na kansu, kuma in suka ce za su yi maka addu'a to za su yi. Abin kamar gayya ne, yau a gonar wane gobe a taka, kowa da fartanyarshi a kunya ɗaya, ba wai mutum ɗaya na noma saura na kallo suna tafi ba. Waɗanda suka riƙe wannan har yau, in za'a faɗi gaskiya, Zumuntar Mata ne. Su ne za ka gani da yamma sun jero da ankonsu sun nufi gidan wadda ta haihu ko wadda mijinta ya rasu, wata da kwanon gero wata da sabulu wata da ɗan itace, su yi waƙa su durƙusa su yi addu'a su share mata tsakar gida su tafi. Wasiƙar Yakubu sura 2 ta ce in ɗan'uwa ba sutura ba abinci kace mashi sauka lafiya ka ji ɗumi ka ƙoshi baka bashi komi ba, me ya amfana. Mu maza mun iya dogon turanci a mitin ɗin kwamiti, amma ziyara sai a ce mata su je.

Sai dai akwai dalilin da ya sa mutane suka daina kawo damuwarsu a taro, kuma laifinmu ne mu duka, gulma. Mace ta tashi da hawaye tace a taya ta addu'a gidanta ba zaman lafiya, kafin Lahadi labarin ya kai kasuwa har an ƙara mashi gishiri, wani ma cikin addu'ar yake tona asirin, ya Ubangiji ka dubi ɗan'uwanmu wane da ya koma shan giya, alhali ba wanda ya sani sai yanzu. Wa zai sake buɗe baki? Yakubu 5:16 ta ce ku furta zunubanku ga juna ku yi ma juna addu'a dan ku warke, wannan baya yiwuwa inda ba amana. Sannan ayar nan da muke so, inda biyu ko uku suka taru cikin sunana ina tsakiyarsu, mun mai da ta abin rarrashin kai in mutane basu zo ba, amma ku karanta Matiyu 18 ɗin daga aya 15, maganar ɗan'uwan da ya yi maka laifi ce, ka je ka same shi ku biyu, in bai ji ba ka ɗauki ɗaya ko biyu, kuma daga gama ta sai Bitrus ya tambaya sau nawa zan yafe. Ga dattawa biyu shekara da shekaru basa gaisawa saboda rigimar kuɗin gini ko canjin fasto, amma ran Lahadi a ce a riƙe hannu a yi addu'ar haɗin kai, kowa ya zagaya ya nemi wani hannun. Yesu yace in ka kawo baikonka ka tuna ɗan'uwanka na da wata magana a kanka, ajiye baikon a nan ka je ku shirya tukuna. Ma'aji ba zai so wannan ayar ba amma tana nan.

Wani abun kuma mun mai da addu'a sana'ar wasu. Fasto a sa ni a addu'a, sai a miƙa ambulan, shi mutum ya koma ya kwanta an yi mashi. Har ga kwalaben mai da ruwa da hankici masu farashi, na ƙarami daban na babba daban. Yakubu 5:14 ta ambaci mai, gaskiya ne, amma cewa tayi mara lafiya ya kira dattawan ikilisiya su zo su yi addu'a su shafa mashi, ba rasit a ciki, kuma Siman na Samariya da ya fito da kuɗi zai sayi ikon Allah kun san amsar da Bitrus ya bashi. Fastocinmu da yawa mutanen kirki ne masu haƙuri da ɗan albashin da wani lokacin ma baya zuwa kan kari, su ma sun gaji, mutum ɗaya ba zai ɗauki addu'ar gida ɗari ba. Yesu da kanshi a Getsamani ya ɗauki mutum uku yace ku zauna a faɗake tare da ni, wa ke tambayar fasto shi me ke damunshi?

'Yan'uwanmu na Katolika da Angilika da muke ma dariya wai addu'ar karatu suke, ku je ku zauna a bayansu wata rana. Mai jagora ya ambaci roƙo ɗaya a fili, jama'a duka su amsa, ya ambaci na gaba su amsa, yaro da tsoho kowa na da bakin magana a ciki kuma kowa ya san me aka roƙa. Tana iya zama al'ada baki na yi zuciya na kasuwa, haka ne, amma tamu ta ka ma ai ta zama hadda, in wasu suka tashi kana iya faɗin jimlar da za ta biyo. Zabura 150 ɗin nan rubutattun addu'o'i ne, kuma Yesu a kan gicciye daga ta 22 da ta 31 ya ɗauko kalmominshi.

Ni abin da nake roƙon dattawa da fastoci na Katsina da Daura da Funtuwa da sauran wurare ba wani sabon shiri bane mai cin kuɗi. In zuwa majami'a ran Laraba ya gagara saboda nisa, a raba ta unguwa unguwa, 'yan Ƙofar Ƙaura su haɗu a gidan ɗaya daga cikinsu, na wajen bariki su ma haka, awa ɗaya ta isa, a karanta Zabura guda a tambayi kowa me ke tafe da shi, abin da aka faɗa a ɗakin ya tsaya a ɗakin, kuma mako mai zuwa a tambaya ya jikin mai jikin, an samu aikin ko ba'a samu ba, dan sau da yawa muna roƙo mu manta mun roƙa balle mu dawo godiya. A ba gwauruwa da ɗan sakandare dama su ma su yi, ko jimla biyu ce, a zo da yara kar a bar su da waya a gida, mutanen birnin Taya da suka raka Bulus bakin teku a Ayyukan Manzanni 21 da matansu da 'ya'yansu suka durƙusa. Ƙahon saman kwanon nan kuma in dare yayi a cire mashi waya.

Malam Edita na gode da haƙurinka, na san na cinye fili. In akwai fasto ko wani ɗan'uwa da ya ga na kauce, dan Allah ku bashi fili shi ma ya amsa, sai dai ya zo da sura da aya dan mu duba tare.

Naku,
Wani dattijon ikilisiya,
daga birnin Katsina.